Karnen Jimrau Mai Wasaki

A shekara ta 1963, shekara uku bayan ƙasa ta sami ƴancin kanta, aka yanka cikin Jimrau mai wasaki a wani babban asibiti a Maradi, aka cire masa guntun hanji mai tsawon taƙi guda, aka ɗinke. Mutanen Dakoro da suka raka shi tashar mota ranar tafiya sun riga sun yi yafiya da shi, don ba su sa ran sake ganinsa ba. Bayan kwana arba'in sai ga shi ya sauko daga bayan kamiyo, wato motar kaya, da ƙafafunsa, a rame, yana murmushi, da wani ɗan littafi mai shuɗin bango a aljihun gaban rigarsa.

Sunansa na yanka Bubakar, amma ban da liman ranar ɗaurin aurensa babu wanda ya taɓa kiransa da shi. A Ɗan Gulbi aka haife shi, a gidan majema, ya koma Dakoro tun garin bai wuce kasuwa da ƴan shingaye ba. Sana'arsa ɗinkin wasaki, wato babbar gugar fata da makiyaya ke zurawa cikin rijiyoyin arewa masu zurfin gaba arba'in, takarkari ya jawo ta cike. Yana zama a gindin wata aduwa a gefen kasuwar dabbobi, da basillarsa da ɗan ƙoƙon man shanu. Fulani da Buzaye daga Tagriss har Bader Gula sun san shi da doka guda: duk wasakin da ya yi wa faci, sai an maido masa shi bayan kwana bakwai. Ya cika shi da ruwa, ya rataye a reshen aduwa, ya zura hannu ciki ya bi ɗinkin da yatsa. Idan mai wasaki ya ce ai ba ya yoyo, sai Jimrau ya ce, "Daga ciki zare ke fara saki. Randa ka ga ɗigo a waje, shanunka sun kwana da ƙishirwa."

Saboda haka bai sha wahalar gane bayanin likita ba ranar sallama. Likitan ya yi magana ta bakin tafinta, ya ce abin da suka cire ciwon daji ne na hanji, kuma sun cire shi duka, iyakar abin da ido ke iya gani. Amma ciwon yakan dawo, sau da yawa a daidai bakin ɗinkin, kuma yakan fara ba tare da zafi ba. Idan aka tarar da shi bai wuce ƙwayar gujiya ba, ana iya sake cire shi. Don haka kowane wata uku, har shekara biyar, Jimrau zai je wurin majo, wato ma'aikacin ɗakin maganin garinsu, ya duba shi, ya sa hannu a karne, wato wannan ɗan littafi. In majo ya ji wani abu, ya turo shi nan da wasiƙa. An ja layi ashirin a cikin karnen, kowane layi da ranarsa.

Jimrau ya ce wa tafinta, "Hwaɗa mishi na gane. Ashe abokin sana'ata ne."

Majon Dakoro a lokacin wani saurayi ne mutumin Tasawa, Sha'ibu, dogo, mai sanyin murya. Shi kaɗai ne ma'aikacin lafiya a garin da kewayensa. Duban da aka umarce shi ya yi ba mai wuya ba ne, sai dai ba mai daɗi ba. Zai ɗora mutum a kan sikeli, ya kwantar da shi ya latsa cikinsa da ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ya tambaye shi ko yana ganin jini a bayan gida, sa'an nan ya sa safar roba ya bincika dubura da yatsa, domin ɗinkin yana can ƙasa inda yatsa ke kaiwa. Ranar farko Jimrau ya ɗan yi jim kafin ya kwance mazagin wandonsa. Ya tuna cewa yaron baƙo ne, kuma aikinsa ne, sai ya kwanta ya fuskanci bango.

"Majo, ka ji ɗinkin?"

"Yana nan daram, Malam Jimrau. Ko kai ka yi shi, iyakarsa ke nan."

"Da ni na yi shi, da tabon cikina bai karkace ba. Nasara bai iya riƙon basilla ba."

Sau huɗu aka yi haka, sau huɗu Sha'ibu ya rubuta abin da hannunsa ya ji, ya sa hannu. Jimrau ya mai da jiki, ya koma gindin aduwarsa. Wadda ke riƙe da ranakun ita ce Mariama, autarsa, wadda ta yi shekara huɗu a lakwal, wato makarantar boko, ta iya karanta kwanan wata. Ita ke ce masa, "Baba, jibi randebu," wato ranar zuwa wurin majo, ita kuma ke bin bayansa da ƙwaryar fura don kada ya yi jira da yunwa. A nan majo ya ganta. Sun daidaita tsakaninsu, manyansa suka zo daga Tasawa da goro. Jimrau ya yi farin cikin da bai iya ɓoyewa ba. Ya ce wa matarsa Lalla, "Allah ya ba ni lafiya ta hannun yaron nan, yanzu kuma ya ba ni shi ɗungum." Taubashinsa Ɗangoggo, dillalin shanu mai bakin da ba ya hutawa, shi ya ba da aure, ya kuma shaida wa taro cewa an ba majo ɗiya ne ladan leƙen da yake yi wa tsoho. Aka yi dariya har liman ya sunkuyar da kai. An ɗaura aure da bazarar 1964, kuma a cikin dukan masu dariyar nan babu wanda ya tsaya ya yi tunanin layi na biyar.

Ranar ta zo mako uku bayan biki. Jimrau ya sa karne a aljihu, ya tafi kamar yadda ya saba, ya zauna a kan benci tare da mata masu goyo. Da aka kira shi ya shiga, sai Sha'ibu ya miƙe daga kujera, ya tuɓe takalmansa, ya durƙusa har ƙasa.

"Ina kwana, Baba."

Wannan kalma ce ta tsai da Jimrau a bakin ƙofa. A gidan da ya tashi, suruki ba ya cin abinci a gaban surukinsa, ba ya kiran sunansa, in sun haɗu a hanya ƙarami yakan ratse. Shi kansa shekara talatin bai taɓa shan ko ruwa a gaban mahaifin Lalla ba har tsohon ya rasu. Ya dubi gadon da ya kwanta a kai sau huɗu, da kwanon da safar roba ke ciki, ya ji kamar yau ya fara ganinsu. Mijin ɗiyarsa ne a durƙushe a gabansa.

Sha'ibu ma bai ɗaga kai ba. Ya nuna sikeli da hannu, Jimrau ya hau da rigarsa da rawaninsa. Sha'ibu ya kai hannu wajen kwanon, ya janye.

"Jiki lahiya, Baba?"

"Lahiya lau, alhamdulillahi."

"Babu wani abu da kuke gani?"

"Babu komi."

Sha'ibu ya rubuta cewa ba a ga komai ba, ya sa hannu, ya miƙa karnen da hannu biyu. Kowannensu ya ji sauƙi a ransa, kowannensu kuma ya ce wa kansa wata uku masu zuwa za a yi abin da ya kamata.

Da yamma Jimrau ya gaya wa Ɗangoggo a gindin aduwa, da sigar wasa, don da taubashi kaɗai ake irin wannan magana. Ɗangoggo ya yi dariya har ya riƙe ciki, daga baya ya ce, "To, bawana, ka riƙa tahiya Maradi mana. Kamiyo na nan kowace ran kasuwa. Can babu wanda ya auri ɗiyarka."

"In tsallake shi in tahi Maradi? Gobe gari ya ɗauka cewa majo ko surukinsa bai yarda da hannunsa ba. Wa zai sake kai mishi ɗa? Yaron baƙo ne, da mutuncinsa yake ci."

"Kai dai kunyar tsohon gindinka kake ji, wanda ko akuya ba ta son gani."

"Na ji. Lahiyata lau, ka bar ni."

Lafiyarsa lau ɗin ce kuwa a lokacin. Layi na shida ya wuce kamar na biyar, da gaisuwa da sikeli. Da kaka, ana cikin yankan hatsi, ya tsuguna a bayan gona, da ya tashi sai ya ga ɗan jan zare a cikin abin da ya fitar. Ya daɗe yana kallonsa. Ya sa ƙafa ya tura rairayi ya rufe. Ya ce wa kansa basir ne, kowane mai zaman ɗinki yana da shi, ya sa Lalla ta jiƙa masa sassaƙe. Bayan kwana tara ya tsaya a gaban surukinsa, aka tambaye shi ko akwai abin da yake gani. Kalmar ta zo har bakinsa. Amma ya san abin da zai biyo bayanta: gadon nan, da bangon nan, da mazagin wando. Ya ce babu komi.

Sikeli ba ya jin kunya, ya fara faɗin gaskiya. Sha'ibu ya ga allurar sikelin ta ja baya, ya tambaya cikin ladabi, Jimrau ya ce azumi ne, kuma watan azumin ne da gaske. Wata uku bayan haka ya ce zafin bazara ne ya hana shi cin tuwo. Sha'ibu ya san karatunsa sarai, kuma zuciyarsa ba ta kwanta ba. Sau ɗaya ya yi ƙarfin hali ya ce, "Baba, da kun ɗan kwanta," sai Jimrau ya ce ya bar wani Bafillace yana jiransa da wasaki, ya kama hanya. Yaron bai iya tsai da shi ba. A wajen Sha'ibu, ya ce wa surukinsa ya tuɓe ya fi masa nauyi bisa ga ya yanke yatsansa.

Lalla ta sani, don ita ke wanke wandunansa. Ta yi masa magana sau biyu, ya ce mata basir ne. Ita kuwa ko inuwar mijin ɗiyarta ba ta iya tsayawa a ciki, balle ta je ta kwatanta masa abin da take gani a wandon mijinta. Ta so ta gaya wa Mariama, amma Mariama na da cikin fari, mai laulayi, ta ji tsoron tayar mata da hankali. Mariama kuma tana ganin karnen duk wata uku, tana karanta rubutun mijinta, ta mayar wa mahaifinta da murna. Ɗangoggo, wanda shi kaɗai al'ada ta sakar wa baki, ya bi garke arewa tun farkon damina.

Ya dawo da kakar 1965. Ya nufo aduwa yana ɗaga murya tun daga nesa, yana tambayar ko bawansa ya mutu ne a raba gado. Jimrau ya yunƙura zai tashi ya rama, sai ya dafa itacen. Ɗangoggo ya ga wuyan da ya zama kamar na zabo, da idanun da suka yi ɗorawa-ɗorawa, da mazagin da aka naɗe sau biyu a ƙugu. Bai ƙarasa zolayar ba. Ya zauna a ƙasa.

"Tun yaushe?"

"Tun waccan kaka."

"Jini?"

Jimrau ya kau da kai.

"Shekara guda," in ji Ɗangoggo a hankali. "Kai da ke hana Bafillace tahiya da wasaki sai ka sa hannu ciki. Tashi."

Bai jira ranar randebu ba. Ya riƙe hannunsa suka ratsa kasuwa, ya shige ɗakin magani ba sallama. Sha'ibu ya fara tuɓe takalmi, Ɗangoggo ya ce, "Mai da takalminka. Ni na ba ka ɗiyar nan, ni kuma na ce yau ba surukinka ba ne, majinyaci ne. Shekara guda yana zubar da jini yana ce maka lahiya lau, kai kuma kana rubutawa. Ku biyun nan kunyarku ta ishe ni. Kwanta, Jimrau. Zan tsaya bakin ƙohwa, wanda ya hito bai gama ba in rotsa mishi kai."

Jimrau ya kwanta. Ya warware rawaninsa ya rufe fuskarsa da shi. Ya ji hannun yaron a kan cikinsa, ya ji inda hannun ya tsaya a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ya daɗe bai motsa ba. Sa'an nan aka juya shi wajen bango. Abin bai ɗauki lokacin karanta fatiha uku ba. Da aka gama, bai ji ƙarar alƙalami ba, sai wani sauti ƙasa-ƙasa. Ya ɗaga gefen rawani ya ga Sha'ibu a tsugune a gindin gado, safar tana hannunsa, kafaɗunsa na girgiza.

"Ya wuce gujiya?" in ji Jimrau.

"Ya wuce, Baba."

"To, tashi ka rubuta. Wannan karon rubuta abin da ka ji."

Su uku suka hau kamiyo ran kasuwa. Likitan Maradi ya duba shi, ya buɗe karnen, ya bi layukan da yatsa: huɗu na farko cike da bayani, shida na bayansu kalma biyu tak, na goma sha ɗaya kuma rubutu har ya gangara gefen shafi. Ya ɗaga kai ya dubi Sha'ibu, ya yi masa tambaya da Faransanci. Jimrau bai ji Faransanci ba, amma ya ji muryar. Kafin yaron ya buɗe baki ya ce wa tafinta, "Hwaɗa mishi ni na hana. Ya ce in kwanta, na ƙi. Ya tambaye ni jini, na yi mishi ƙarya. In da laihi, nawa ne." Sha'ibu ya ce ba haka ba ne, hannunsa ne a kan layukan shida. Likita ya dube su duka biyu, ya rufe karnen. Ya ce ciwon ya dawo a bakin ɗinki, ya kuma kai hanta, wuƙa ba ta da sauran aiki. Da bara ne, in ji shi, da ya gwada. Ya ba su maganin rage zafi, ya ce su koma gida.

Wata huɗu Jimrau ya yi a kwance. Lalla ba ta iya ɗaga shi, Mariama kuma ta dawo gida goyon ciki, tana fama da kanta. Sha'ibu ne ke zuwa kowace safiya kafin ya buɗe ɗakin magani, da kowace la'asar. Shi ke ɗaga shi, ya wanke shi, ya sake masa zane, ya fitar da kasko. Kwanakin farko Jimrau yakan rufe fuska. Daga baya ya daina. Wata safiya, yaron na goge masa baya, ya ce, "Ka ga abin da munka ji wa tsoro. Yanzu kullum sau biyu kake ganinsa, sama ba ta hwaɗo ba." Sha'ibu ya ci gaba da gugar.

Mariama ta haifi ɗa namiji a ɗakin da ke kallon nasa. Ta shigo da shi ran suna, ta zauna a bakin tabarma.

"Baba, ni ke karanta maka ranakun. Duk wata uku ina gani an rubuta babu komi, ina murna."

"Kin karanta daidai, auta. Abin da anka rubuta ke nan. Kada ki riƙe mijinki da wannan. Yaro ne mai kunya, don ita na ba shi ke."

Ya karɓi jinjirin, hannunsa bai iya riƙe shi ba sai da ta tallafa. Jimrau ya rasu bayan kwana goma sha tara, da hantsi, ran kasuwa. Makiyayan da suka zo da wasakansu suka tarar da gindin aduwa babu kowa, suka bi sahun mutane zuwa maƙabarta. Ɗangoggo ne ya shiga kabari ya karɓe shi, kuma mutanen garin sun ce tun daga ranar ba su sake jin ya kira wani bawansa ba.

Sha'ibu ya yi shekara ashirin da shida yana aiki a garuruwan jihar. Duk inda aka kai shi an san shi da hali guda: ba ya sa hannu a karnen kowa sai ya duba shi da hannunsa, ko hakimi ne, ko ɗan'uwan matarsa. Ya rasu a Dakoro bayan ya yi ritaya. Lalla da Ɗangoggo sun riga shi da daɗewa. An sare aduwar lokacin da aka faɗaɗa kasuwa, yawancin wasakan yanzu kuma da robar taya ake yin su.

Mariama tana nan da rai, ta tsufa, tana zaune a gidan ɗanta Bubakar a bayan kasuwar dabbobi. Karnen yana cikin adakarta, bangonsa ya koɗe. Layi goma sha ɗaya suna da sa hannun mijinta, layi tara babu komai a kansu.